Tambaya da Amsa: Libarbar da Muka Gada, ta Zamanin Cin Kano ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu, da muka zo buɗe wata tsohuwar adaka da ke ɗakinsa, sai muka tarar da wata libarba cikin kuben fata, an naɗe ta da tsumma. Labarin da muka taso muna ji a gida shi ne, wani hafsan Turawa ne ya ba kakan mahaifinmu ita bayan cin Kano a 1903, saboda hidimar da ya yi masa. Bindigar tana buɗewa ta sama ta karye biyu, tana da ramukan harsashi shida, tsawon hancinta inci shida, kuma akwai zobe a gindin mariƙinta. A gefen hagu an buga WEBLEY MARK VI PATENTS, ƙarƙashinsa 1917, sannan akwai wata 'yar alama mai kama da sawun kaza a wurare da dama a jikinta. Wani mai sayen kayan dā ya ce irinta ba ta da yawa a duniya, har ya yi tayi, wani kuma ya ce ƙirar jabu ce. Ina so a bayyana mini shekarunta, da yadda za mu gane ko ta gaskiya ce, da kuma ko ya dace mu goge tsatsar da ke jikinta kafin mu nuna wa masu saye.

Wani mai karatu, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Kafin mu shiga maganar tarihi, ina roƙonka da kada kowa a gidanku ya taɓa kunamar bindigar nan ko ya yi tunanin gwada ta, domin makamin da ya shekara ɗari ba a san halin ƙarfensa ba, kuma harsashin da ya daɗe a cikin rami yana iya tashi ko ya fasa gangar da yake ciki. Tunda ka ce kun buɗe ta, a tabbatar ramukan nan shida babu komai a cikinsu, sannan a kulle ta inda yara ba za su kai ba.

Batun shekaru kuwa, bindigar da kanta ta riga ta ba da amsa, kuma amsar ba ta yi daidai da labarin gida ba. Kamfanin Webley na birnin Bamingham a Ingila ya fara ƙera wa sojan Birtaniya irin wannan libarba mai karyewa ta sama a 1887, sannan ya riƙa yi mata gyare-gyare ana sauya lambar samfuri, har aka zo kan samfuri na huɗu a 1899, na biyar a 1913, na shida kuma, wato wanda aka rubuta a jikin taku, sojan Birtaniya ya karɓe shi a watan Mayun 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, wato shekara 12 kafin a fitar da wannan samfuri, kuma shekara 14 kafin shekarar da aka buga a jikin bindigarku. Siffar da ka bayyana ma ta ƙarfafa haka. Libarbar da gwamnati ke rabawa a zamanin cin Kano ita ce samfuri na huɗu, wadda aka yi yaƙin Bowa da ita a Afirka ta Kudu, kuma hancinta na yau da kullum inci huɗu ne, mariƙinta kuma lanƙwasasshe ne mai tsini a ƙasa, wanda masana ke kira kan tsuntsu. Hanci mai inci shida tare da mariƙi mai faɗin gindi, wannan siffar samfuri na shida ce.

Wannan ba ya nufin magabatanku sun shara ƙarya, kuma ban so ka ɗauke shi haka ba. Labarin da ya bi ta bakin mutum uku ko huɗu yakan riƙe ainihin abin da ya faru, amma ya musanya yaƙi da yaƙi, ko Bature da Bature, ko kaka da ɗansa. Shekarar 1917 ita ce za ta taimaka muku wajen rage zato. Yaƙin Kamaru da Jamusawa ya fita daga lissafi, domin ya ƙare ne a Fabrairun 1916 lokacin da sansanin dutsen Mora ya miƙa wuya. Abin da ya rage shi ne yaƙin Gabashin Afirka, inda sojojin Nijeriya suka yi daga ƙarshen 1916 zuwa 1918, da zaman bariki na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, da kuma yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945, domin ko da yake Birtaniya ta koma kan ƙaramar libarbar Enfield a 1932, an ci gaba da amfani da samfuri na shida har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka tambayar da ya kamata a kai wa dattawan gidanku ita ce, wane ne a zuriyar ya yi soja, ko ya yi wa Bature aikin gida, ko tafinta, ko masinja, daga 1917 zuwa sama.

Maganar ko ta gaskiya ce, a nan ne aikin yake, kuma ba da kallo ɗaya ake yanke hukunci ba. Abu na farko shi ne lambar ƙira. A irin wannan libarba ana buga lamba ɗaya a wuri uku, wato a uwar jiki, da ɓangaren hanci, da gangar harsashi mai juyawa. Idan ukun sun zo ɗaya, to sassan tare suka fito daga masana'anta. Idan sun saɓa, ba lallai ne jabu ba ce, domin masu gyaran makamai a bariki sukan cire ganga daga wata su sa wa wata, amma masu tara irin waɗannan kaya suna rage mata daraja ƙwarai.

Alamar nan da ka gani a wurare da dama, layi uku da suka haɗu a tsini ɗaya, hoton kan kibiya ne, kuma shi ne tambarin da gwamnatin Birtaniya ke buga wa kayanta na soja. Ka duba da kyau ko akwai inda aka buga kibiya biyu suna fuskantar juna tsini da tsini, domin wannan ita ce shaidar cewa an sayar da makamin an fitar da shi daga hannun gwamnati ta hanyar da ta dace. Wannan ɗan bambanci yana da nauyi a kan labarinku, saboda hafsa yana iya kyautar da abin da ya saya da kuɗinsa, amma kayan da ke cikin lissafin ma'ajiyar runduna ba nasa ba ne balle ya bayar. Kusa da waɗannan za ka iya ganin hatimin gwajin soja, wato kambi da haruffan GR, da tutoci biyu a gicciye, da harafin P. Haruffan GR suna nufin Sarki Joji na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, kuma hakan ya dace da 1917.

Akwai wani hatimi da nake so ka nema musamman, domin shi kaɗai ya isa ya sauya labarin gaba ɗaya. A Ingila doka ta hana sayar wa farar hula bindiga sai an gwada ƙarfinta a gidan gwaji, kuma na Bamingham yana aiki tun 1813. Hatimin wannan gida ya sauya sau da dama, kuma wanda ke ɗauke da kambi a kan haruffan BNP ya zo ne da dokokin 1954. Idan ka same shi a jikin hanci ko gangar bindigarku, to ta ratsa kasuwar farar hula a Ingila bayan wannan shekara, ke nan ba ta kwana a gidanku tun zamanin Turawan farko ba, wani ne ya shigo da ita daga baya. Haka kuma a duba bayan gangar harsashin. Dillalan Amurka sun sayi dubban waɗannan libarbobi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka riƙa aske bayan gangar domin ta karɓi harsashin Amurka, kuma ana gane wadda aka yi wa haka da cewa hatiman da ke fuskar bayan gangar sun ɓace, lambar da ke gefenta kuma an yanke mata gindi. Irin wannan gyara yana zubar da darajarta, yana kuma ƙara mata haɗari, domin harsashin da aka yi gyaran dominsa ya fi ƙarfin abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Shi kuwa wanda ya ce muku jabu ce, maganarsa ba ta rasa tushe ba, ko da yake bai kamata ya yanke hukunci ba tare da hujja ba. Maƙeran garin Darra Adam Khel da ke arewa maso yammacin Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila da hannu, har da libarbar Webley, suna kwaikwayon rubutu da hatimai duka. Inda asirinsu ke tonuwa shi ne rubutun. Masana'anta tana buga kalma da hatimi guda, saboda haka haruffan sukan fito a layi ɗaya da zurfi ɗaya, shi kuwa mai kwaikwayo yakan buga harafi bayan harafi, sai ka ga wani ya hau wani ya sauka, ko harafin N ya juya baya, ko an yi kuskure a sunan kamfanin. Wani lokaci ma sukan buga haruffan VR na Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta zo bayan rasuwarta a 1901. Ka sa fitilar waya ta haska rubutun daga gefe, ba daga sama ba, ka ɗauki hoto kusa-kusa, za ka ga zurfin kowane harafi da sawun zarto idan akwai. Mariƙin asali na baƙar roba ne mai tauri, da zane mai gicciye, launin ƙarfen kuma dusasshe ne, ba mai ƙyalli ba.

Ko da ta tabbata ta gaskiya ce, ina ganin mai sayen nan ya zuzuta ta fiye da kima, ko dai don rashin sani ko don wata manufa tasa. Samfuri na shida ba ya cikin abubuwan da ke da wuyar samu, domin an ƙera kimanin 300,000, kuma shekarun yaƙi irin su 1917 su ne aka fi ƙera shi da yawa. Wadda ta cancanci a ce ba ta da yawa a dangin ita ce Webley-Fosbery, wadda aka ƙera daga 1901 zuwa 1924, ba su kai 5,000 ba, kuma ana gane ta nan take da zane mai zigizaga da aka sassaƙa a jikin gangarta. Abin da ke ɗaga darajar libarba irin taku shi ne a iya danganta ta da wani mutum ta hanyar takarda. Hafsoshin Birtaniya na wancan zamani da kansu suke sayen libarbarsu, wasu kuma sukan sa a zana sunansu da na rundunarsu a jiki ko a rubuta a cikin marfin kube, saboda haka a duba kuben nan ciki da waje. Idan aka sami suna, ana iya bin sa a jerin sunayen hafsoshi da sojan Birtaniya ke bugawa, da kuma takardun da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Idan kuma an ga sunan kantin Army & Navy a jikinta, littattafan cinikin bindigogi na wannan kanti suna ajiye a Jami'ar Gilasgo, kuma a cikinsu akan sami sunan wanda ya sayi lamba kaza da ranar da ya saya.

Goge tsatsa kuwa, ina roƙonka da ka bar shi kwata-kwata. Duk abin da na lissafa a sama yana zaune ne a fatar ƙarfen, zurfinsa bai taka kara ya karya ba, kuma samfefa ko buroshin waya na iya shafe hatimin da zai gaya muku gaskiya cikin minti kaɗan, ba kuwa mai iya mayar da shi. Kada a kai wa maƙeri, kada a yi mata fenti, kada a kwance kusoshinta. Abin da ya dace shi ne a fitar da ita daga kuben, domin fata tana riƙe danshi tana kuma cin ƙarfe, a shafe ta da tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki, a ajiye ta a busasshen wuri, kuben kuma a ajiye shi dabam kada a yar.

Saura magana mafi nauyi, wadda ta sa nake ba ka shawarar ka daina nuna ta ga masu saye. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufa ba ya fitar da su daga wannan jeri, domin dokar ta ambaci har tsofaffin ƙananan bindigogi masu ƙanƙara. Gado ba ya zama lasisi, sayarwa kuma tana jefa mai sayarwa da mai saye cikin laifi guda. Ka sami lauya tukuna, shi ya rubuta wa rundunar 'yan sandan jiharku yana bayyana yadda aka same ta cikin kayan mamaci, kuma kada ka ɗauke ta a mota da kanka ka nufi ofishinsu, bari su faɗi yadda za a miƙa ta. A cikin wannan takarda lauyan ya nemi a sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin a duba ko za a adana ta a matsayin kayan tarihi maimakon a haɗa ta da makaman da ake lalatawa. Kafin ranar miƙawa, ku ɗauki hoton kowane hatimi da kowace lamba, ku rubuta abin da kowane dattijo ya faɗa game da ita da sunan wanda ya ji daga bakinsa, ku ba hukuma kwafi ɗaya, ku riƙe ɗaya a gida.