Tambayoyin Masu Karatu: Aikin Ofis da Lambun Gida a Bakin Bazara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina fita ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Ina da fangali shida a bayan gida. Da hunturu komai ya yi kyau, amma tun da zafi ya fara shigowa nake tarar da ganye a yanƙwane. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafin ruwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, kowace murabba'in mita ta lambu tana shan wajen lita 6 zuwa 8 a rana. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai cinye kusan jarka guda ta 'yan garuwa, mai lita 25. Shida ke nan kullum. Idan aljihu ko lokaci ba zai ɗauka ba, ka rage zuwa fangali uku, sauran ka bar su su huta har damina. Ruwan fangali uku da aka raba wa shida saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta tsaya a sama, rana ta gasa ta.

Ban-ruwa mai yawa ka yi shi bayan sallar asuba, a gindin shuka, a hankali har ya nutse. Da yamma ka cusa yatsa cikin ƙasa. In ka ji danshi a gaɓa ta biyu, kada ka ƙara. Yanƙwanewar tsakar rana ba kullum ƙishi ba ne. Ganyen da bai miƙe ba har wayewar gari shi ne abin damuwa.

Sai rufi. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin shuka saboda gara da ruɓewa. Abin da ya fi dacewa da mai wuni a ofis shi ne tulu: sabo, na ƙasa, wanda ba a shafe shi da komai ba. Binne shi har wuya a tsakiyar fangali, cika shi, rufe bakin saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa. Duba shi bayan kwana biyu ko uku. Shukar da ta wuce taku ɗaya daga tulun ba za ta amfana sosai ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Zariya. Tumatir ɗina yana fure sosai, sai furen ya zube ba 'ya'ya. Wane magani zan fesa?

Amsa: Malama, ajiye kuɗinki. Zafi ne: idan rana ta haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir yana lalacewa, ba ya ɗaukar ciki. Rumfar zana da za ta tare ranar azahar tana ɗan taimakawa, amma lokacinsa ne ya wuce, kamar yadda na latas, kabeji da karas ya wuce. Cire su, ki zuba alayyafo, wanda ake fara yanka cikin mako uku zuwa huɗu, da kuɓewa, rama da lalo. Waɗannan sun saba da bazara, kuma ba sa neman a tsaya a kansu kullum.

Amma duba ganyen. In kin ga fararen hanyoyi a cikinsa, wataƙila tsutsar tumatir ce mai suna Tuta absoluta, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016. Tuge shukar ki ƙona, kada ki zuba ta a ramin taki.

Tambaya: Asabar kaɗai nake da hutu. Me ya kamata in yi kafin ruwa ya sauka? Kuma zan iya amfani da ruwan wanki?

Amsa: Ruwan alwala da na wanke kayan miya, e. Ruwan omo da bilic, a'a. Gishirinsu yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa.

Asabar ɗin farko ka ba wa taki. Haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka jera busasshen ganye, kashin awaki ko na kaji, da ɗan toka, ka yayyafa ruwa, ka juya duk bayan mako biyu. Yana nuna cikin kusan wata biyu, in ya yi baƙi ya daina zafi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Asabar ta gaba ka gyara shinge, don a bazara awakin unguwa ba su da wani kore sai naka, sannan ka buɗe hanyar da ruwan sama zai bi ya fita.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Yakan sauka a Afrilu ko Mayu ya ɗauke na makonni, iri ya tsiro ya mutu. A yankin Kano damina ba ta cika zama ba sai Yuni.