Ana ciniki amma kuɗi ba sa zama: amsa ga mai sana'ar dilka

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya. Shekara uku ke nan tana gyaran jiki a cikin gida: dilka (haɗin gari mai ƙamshi da ake murza jiki da shi), wanka, tausa da turare. Zama ɗaya ₦10,000 take karɓa, amarya kuma ₦60,000 na kwana bakwai har da halawa (ta cire gashin jiki) da lalle. A wata takan yi zama kusan 40, amma wata ya ƙare ba ta da abin ajiyewa. Ƙanwar mijinta ce ke sayo kaya, ita ke kwaɓawa, ita ke ɗiba. Yanzu tana so ta ci bashin naira miliyan biyu ta kama shago a bakin titi, don a ganinta manyan mata ba sa shiga lungu. Tana tambayar inda za ta samu bashi mai sauƙi.

Hajiya, ba zan nuna miki ƙofar bashi ba a halin da kike ciki. Kin faɗi abin da kike karɓa, kin faɗi yawan masu zuwa, amma babu inda kika faɗi nawa zama ɗaya yake cinki, kuma ban ga alamar kin sani ba. Matsalarki ke nan, ba lungu ba. Mace arba'in na shiga wannan lungun duk wata su ba ki kuɗi.

Mu fara da bokitin dilka. Jikin babbar mace, daga wuya zuwa ƙafa, giram 150 zuwa 200 ya ishe shi idan an jiƙa fata yadda ya kamata. Hannun da ke ɗiba ba awo yakan kwashi giram 400, rabi ya ƙare a ƙasan banɗaki. A ce kilo ɗaya ya tsaya miki ₦12,000 bayan kin haɗa garin dawa, kurkum, ɓawon lemu, kanumfari, sandal, mai da itacen turara shi. Giram 150 ya kama ₦1,800, giram 400 kuma ₦4,800. Bambancin ₦3,000 ne a zama guda. A zama 40, ₦120,000 ke bin rariya duk wata.

Ɗora sauran a kai. Man tausa, a ce ₦500. Jarka biyu ta ruwa da gas ɗin dafa shi, ₦1,000. Sabulu da wankin tawul, ₦500. Turare, ₦1,000. Ladan mai taimaka miki, ₦1,500. Waɗannan misali ne, ki cire su ki sa naki na gaskiya. Amma a wannan lissafin, idan aka haɗa da ₦4,800 na dilka giram 400, zama ɗaya yana cin ₦9,300, ke kuma kina tashi da ₦700 bayan awa ɗaya da rabi kina murzar jikin mutum. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 babu kayan haɗin da farashinsa bai motsa ba, musamman itacen turare da sandal da ke zuwa daga nesa. Idan kuɗin da kike karɓa bai bi su ba, kin daɗe kina aiki kyauta ba ki sani ba.

Aikin amarya, wanda kike ɗauka shi ne babban cinikinki, shi ya fi cutar ki. Raba ₦60,000 gida bakwai, kowace rana ta kama ₦8,500 da 'yan kai. Wato ya gaza kuɗin zama na yau da kullum, alhali an ƙara halawa, lalle da turaren tsuguno a kai. Sannan amarya ba ta zuwa ita kaɗai. Ƙawa za ta ce a ɗan shafa mata a hannu, yaya za ta ce a ɗan goge mata ƙafa, duk daga bokiti ɗaya.

Kuma dilka mai kaushi kullum har kwana bakwai ɓarna ce ga fata, ba ga aljihu kaɗai ba. Abin da ake gogewa mataccen saman fata ne, kuma ba ya sake taruwa cikin dare ɗaya. Rana ta uku a jere, fata mai rai ake gurzawa. Sai ta yi ja, ta riƙa raɗaɗi idan an sa turare, kuma a baƙar fata duk inda aka kuje yakan warke da tabo mai duhu, wanda zai fito daidai ranar biki. Mai wannan sana'a ta fi asara a irin wannan rana: ta mayar da kuɗi, sannan dangin amarya kaf su ji labari. Tsarin da ya fi shi ne gurza sosai sau biyu ko uku a cikin makon, da hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Sauran ranakun tausa da mai da turare. Halawa kada ta haɗu da dilka rana ɗaya: a yi dilka kwana ɗaya ko biyu kafin halawa, bayan halawa kuma a bar fata ta huta kwana biyu, in ba haka ba ƙananan ƙuraje za su feso a inda aka cire gashi. Da wannan tsari kin rage fiye da rabin dilkar amarya kuma aikin ya fi kyau.

Shi kansa zaman, ki tsayar masa da ƙa'ida ɗaya wadda ke da mai taimaka miki za ku bi. A jiƙa jiki da ruwan ɗumi minti biyar zuwa goma, ba mai zafi ba, don zafi yana busar da fata. A sassauta dilkar da cokali ɗaya na mai. A murza a zagaye, daga ƙafa zuwa sama, har ta fara murmushewa tana zubowa. Gwiwa, gwiwar hannu da dunduniya su ke son ƙarin lokaci. Wuya da ƙirji hannu mai sauƙi. Fuska ba a yi mata da haɗin jiki, sai wanda aka tankaɗe ya yi laushi. Inda ke da ciwo, ƙyasbi ko ƙuraje masu ruwa a tsallake shi, mai ciwon sukari kuma kada a sa mata dutsen goge kaushi da ƙarfi, don ciwon ƙafarta ba ya saurin warkewa. Bayan ɗauraya, tun jiki na da danshi, a yi tausa da cokali biyu zuwa uku na man kaɗanya da aka narkar ko man zaitun, minti ashirin. Sabuwar mai zuwa, musamman amarya, a gwada mata haɗin a cikin dantse kwana ɗaya kafin a fara.

Akwai wata asarar da ba a gani sai an buɗe murfi. Jiƙaƙƙen hannu ya shiga bokiti, a zafin Kano, kwana kaɗan haɗin zai yi tsami ko ya yi fumfuna, a zubar da kilo biyu ko uku lokaci guda. Ki ajiye busasshen garin daban, ki kwaɓa na mako ɗaya kawai, ki auna shi giram 150 a ƙananan robobi masu murfi. Roba ɗaya, mace ɗaya. Abin da ya taɓa jikin wata ba ya komawa bokiti, soso kuma kowa da nata. Ƙaramin sikelin kicin ya isa wannan aiki, kuma kuɗinsa bai kai asarar mako ɗaya ba.

Ban ce ƙanwar mijinki tana cutar ki ba, kuma kada ki je mata da wannan fuska. Hannun da bai biya kuɗin kaya ba ba ya jin nauyinsu, ko na wane ne. Ki yanka mata lada a kan kowane zama, ki biya ta a kan lokaci. Ku ƙirga robobi tare da safe, ku ƙirga da yamma: roba goma ta fita, kuɗin mutum goma ya shigo. Sayayya kuma a rubuta kaya da farashi, ki riƙa shiga kasuwa da kanki ko sau ɗaya a wata. 'Yan'uwa masu zuwa gyaran kyauta, ki ware musu roba biyu ko uku a wata, a rubuta su, in sun ƙare sai wata mai zuwa.

Zancen manyan mata da shagon bakin titi kuwa, ga yadda yake ƙarewa ga masu gaggawa. A ci bashi ana gab da Sallah ko lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, a sa tayil da madubi, makonnin farko a yi ta cika. Bukukuwa su wuce, ciniki ya ja baya, amma haya, wuta, ruwa da mai bin bashi ba sa ja da baya. A nan ne wasu ke fara zuba man bilicin a cikin dilka don a ce hannunsu na da saurin haske. Hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin makuri da sitiroyid a kayan shafa, kuma fatar da suka ɓata tana komawa sirara, ta yi nankarwa, gaɓoɓi su yi baƙi. Ko a gida kada ki kusanci wannan. Bashin miliyan biyu, in za a biya a shekara, ya haura ₦166,000 duk wata tun kafin a yi maganar abin da za a ɗora a kai. Ribarki ta yanzu, a lissafin da muka yi, ₦28,000 ce a wata.

Ki sayi sikeli da littafi a wannan makon. Kowane zama ki rubuta rana, irin aikin, roba nawa, nawa aka biya, nawa ya rage. Amarya ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma ki sake yanka farashinta bayan kin lissafa halawa, lalle da turare kowanne daban. Kuɗin sana'a su samu asusunsu, ba jakar cefane ba. Bayan kwana talatin ki aiko min da abu uku: abin da zama ɗaya ke ci, abin da amarya ɗaya ke ci, da abin da ya rage bayan kin biya kanki albashi. Sai mu duba ko bashi ake buƙata ko adashi na wata shida.