Girebi ba nama: daga ina ɗanɗanon zai fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Manchasta nake zaune, kuma na saba yi wa iyalina gashin ranar Lahadi irin na mutanen Ingila: kaza, dankalin Turawa, karas, da girebi, wato romon nan mai kauri da ake zubawa a kai, wanda nake haɗawa da ruwan kazar. Wannan makon maƙwabciyata za ta ci tare da mu, ita kuwa ba ta cin nama, ba madara, ba ƙwai. Na gwada da ruwa da fulawa da dunƙule, ya fito fari salam kamar koko. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Daɗin girebin kaza daga ƙanzon nan da ke mannewa a gindin tire yake fitowa. Tunda kin cire kaza, sai ki nemo ƙanzon a wani wuri, albasa kuwa ita ce gwanar wannan aiki.

Ki yanka manyan albasa 2 siri-siri, ki zuba a man gyaɗa cokali 3 da ɗan gishiri, ki rage wuta. Nan ne haƙuri ke shigowa, domin sai ta yi minti 30 zuwa 40 kafin ta koma launin dabino. Yawancin masu kuka da girebin ganye a minti 10 suke sauke albasarsu. Idan gindin tukunya ya fara kamawa, ki yayyafa ruwa kaɗan ki kankare, ki bar shi ya sake kamawa. Ja ake so. Idan ta yi baƙi, ɗaci ya shiga, sai dai a sake sabuwa.

Kafin nan ki jiƙa busasshen naman kaza, kamar giram 15, a ruwan zafi rabin lita na minti 20. Kar sunan ya ruɗe ki, tsiro ne, ba ruwansa da kaza. Ruwan jiƙon shi ne romonki, amma ki bar na ƙasa-ƙasa, yakan ajiye yashi.

Albasa ta yi ja? Ki sa tafarnuwa, naman kazan da kika daddatsa, da tumatirin gwangwani cokali 1, su soyu minti 2. Ki barbaɗa fulawa cokali 2, ki juya ta wasu minti 2 har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi. Sannan ruwan jiƙon, kaɗan-kaɗan kina juyawa don kar ya yi gudaji. Ya dahu minti 15 da tayim da masoro.

Sauran ɗanɗanon, wanda Japanawa ke kira umami, wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa a 1908. Turawa kan same shi da Marmite (wani baƙin kirim mai gishiri da ake yi da yis) ko ruwan soya (soy sauce). Cokali 1 na ruwan soya yana kyau, yana kuma ƙara duhu. Amma ni da za ki tambaye ni, daddawa zan ce. Kalwa ce zalla, kuma wannan sinadarin ne ke sa ta gyara miyar kuka. Ɗan guntu kamar kan yatsa ya isa, a daka shi lukui. Idan ya wuce haka, baƙuwarki za ta ji ƙamshin tun daga ƙofa. Inda girke-girken Turawa suka ce a zuba jar giya, ki sa ƙaramin cokalin ruwan kal ko lemun tsami bayan kin sauke. Ki tace da rariya idan kina son shi sumul. Ni dai nakan bar albasar a ciki.

Ki karanta jikin dunƙulenki, wasu da kitsen kaza ko na shanu aka yi su. Lea & Perrins, ruwan ɗanɗanon kwalba da Turawa kan ɗiga a girki, shi ma da kifi a cikinsa. Yorkshire pudding kuwa, abin fulawar da ake ci da gashin Lahadi, da ƙwai da madara a cikinsa, ba nata ba ne. Dankalinta ki gasa shi a tire daban da man gyaɗa, nesa da ruwan kazar.