Tambaya da Amsa: Mayar da Hotunan Iyali Kayan Ado

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana ɗora hoto a jikin katako ya zauna kamar an zana shi. Na gwada da hoton kakarmu, amma ina sa ruwa sai tawadar ta dame, fuskar ta ɓace. A ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Muna fata dai da kwafi kika yi aikin, domin asalin hoto ba a kai masa almakashi ko gam. A yi sikanin ɗinsa a ɗigo 300 a kowane inci, ko 600 idan ƙarami ne ana son ƙara masa girma, sannan a mayar da shi ma'ajiyarsa.

Laifin na firinta ne. Tawadar yawancin ƙananan firintocin gida ruwa ce, da ta ji danshi sai ta narke. Ki nemi firintar leza ko injin fotokwafi, waɗanda ke aiki da garin tawada da zafi ke liƙawa a takarda. Wannan ruwa ba ya wanke shi. A buga a farar takarda ta yau da kullum, mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, ba mai ƙyalli ta hoto ba. Kuma a juya hoton a kwamfuta kamar yadda madubi ke nunawa, in ba haka ba dama za ta koma hagu, rubutu ya fito a baibai.

Ki zaɓi katako mai haske, ki goge shi da samfefa har ya yi sumul, ki share ƙurar. Firinta ba ta buga farin launi, saboda haka duk inda yake fari a hoton, launin katakon ne zai bayyana. Idan katakon mai duhu ne, ki fara shafa masa farin fenti ya bushe. Daga nan ki shafa gam ɗin akirilik na masu zane da burushi, ya game ko'ina daidai. In ya yi kaɗan, hoton zai fito da ramuka. In ya yi yawa, takardar za ta yamutse. Ki kifa hoton a kai, ki bi bayansa da tsohon katin roba daga tsakiya zuwa baki, don fitar da iska. Duk inda iska ta maƙale, nan tawada ba za ta kama ba.

Ki bar shi awa 24. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu saboda gaggawa. Bayan haka ki ɗora jiƙaƙƙen tsumma na minti biyu ko uku, sannan ki riƙa murza takardar da ɗan yatsa a hankali. Za ki ga tana naɗewa ƙanana-ƙanana, fuskar na leƙowa daga ƙarƙashi. Idan ya bushe zai yi fari-fari kamar hazo: ragowar takarda ce, ki sake jiƙawa ki murza, sau biyu ko uku. Kada ki sa farce. A ƙarshe ki shafa man ƙyalli na katako mai ruwa-ruwa sau biyu, ki bari na farko ya bushe kafin na biyu.

Tambaya: Hoton auren iyayenmu ya manne da gilashin firam. In ɓamɓare shi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, don Allah kada ka ja shi. Fuskar irin wannan hoto tana da wani siririn shafi da ke laushi idan ya sha danshi, sai ya kama gilashi. Kana ja, fuskokin za su bi gilashin su bar maka farar takarda. Ka ciro gilashin tare da hoton, ka goge wajensa, ka yi sikanin ɗinsa a haka. Da zarar kwafi mai kyau ya zo hannu, sai ka kai asalin wurin ƙwararren mai adana tsofaffin hotuna. Nan gaba ka sa kwali mai taga a tsakanin hoto da gilashi, kuma kada ka rataya firam inda rana ke dukansa, domin haskenta na koɗar da launi. Salatif da laminatin ma ka nisanta su da asalin hoto: na farko yana barin tabo ruwan ɗorawa, na biyu kuma in an yi shi ba ya ciruwa.

Tambaya: Na ɗora hoton 'ya'yana a rigar matashin kai da dutsen guga, amma wanki biyu ya fara ɓarewa.

Amsa: Hajiya, ko dai zafi da dannawa ba su isa ba, ko tururi ya shiga. Ki zubar da ruwan dutsen gugar, ki yi aikin a kan tebur mai tauri, domin teburin guga yana lotsawa. Ki danna da ƙarfi na tsawon lokacin da aka rubuta a kwalin takardar ɗora hoto a yadi, musamman a gefuna. Yadin ya zama auduga, wankakke kuma gogagge. Ki jira awa 24 kafin wankin farko, ki juya rigar ciki waje, ki wanke da ruwan sanyi, kuma kada dutsen guga ya sake taɓa hoton kai tsaye.