Hukuncin sayar da maganin kashe ciyawa da ake zargin yana cutar da lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ina da shagon kayan noma, kuma da damina kusan rabin cinikina na maganin feshin ciyawa ne, musamman mai sinadarin glyphosate. Na ji an ce yana kawo ciwon daji, har an yi shari'a da kamfanin da ke yin sa a Amurka. Shin ribar da nake ci halal ce? Kuma idan manomi bai tambaye ni ba, dole ne in faɗa masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, domin ba kowane ɗan kasuwa ne zai tsaya tambaya ba alhali ciniki na gudana.

Asalin ciniki halal ne, Allah Maɗaukaki ya ce ya halatta ciniki ya haramta riba (Baƙara, aya ta 275). Kasancewar abu guba ba ya haramta sayar da shi a karan kansa. Malaman fiƙihu sun tattauna wannan tun da daɗewa: gubar da ba ta da wani amfani sai kisa ba a sayar da ita, amma wadda ake amfana da ita ta hanya halattacciya cinikinta ya inganta. Amfanin maganin ciyawa kuwa ba a ɓoye yake ba. Manomin da bai iya biyan 'yan ƙwadago a noman fari da maimai ya san abin da feshi ya sauƙaƙa masa.

Sai dai fatawa ba ta tsayuwa sai an san haƙiƙanin abin da ake tambaya a kai. Kamfanin Monsanto ne ya fara fitar da glyphosate kasuwa a 1974 da sunan Roundup. A watan Maris na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta saɓa mata, Tarayyar Turai kuma ta sabunta izinin amfani da shi na shekara 10 a 2023. A 2018 wata kotu a Kalifoniya ta ba wani ma'aikacin da ke feshi a harabar makarantu gaskiya, a 2020 kuma kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto, ya amince ya biya sama da dala biliyan 10 don sasanta dubban ƙararraki, ba tare da ya amsa laifi ba. Ke nan masana sun rabu. Cutar ba ta kai matsayin yaƙini ba, amma kuma ta wuce jita-jitar kasuwa, musamman ga wanda ke yawan taɓa maganin da jikinsa.

A irin wannan hali ba na ce maka glyphosate haramun ne, matuƙar hukuma ta yi masa rajista. Amma ka lura da abin da aka fi kama kamfanin da shi a waɗancan kotuna: rashin gargaɗin mai saye. Wannan kuwa Shari'a ta riga su magana a kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana za a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar (Bukhari da Muslim, daga Hakimu ɗan Hizamu). Ibn Abi Zaidin a Risala, wadda almajiranmu ke haddacewa, ya ce bai halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda idan ya ambata mai saye zai ƙi ta. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce e, wajibi ne, ko bai tambaya ba.

A nan ne nake so ka tsaya sosai. 'Yan kasuwa da yawa suna cewa ai gargaɗin na rubuce a jikin robar. Da wane harshe aka rubuta shi? Da Turanci ko Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, ga dattijon da ko ajami da ƙyar yake haɗawa. Bayanin da Shari'a ta wajabta shi ne wanda ya isa kunnen mai saye ya fahimta. Kai ne mutum na ƙarshe da maganin ke bi ta hannunsa kafin ya isa gona, kuma sau da yawa kai kaɗai ne malamin gonar da manomin zai gani a wannan daminar. Ka faɗa masa da Hausa adadin da ake sirkawa da ruwa, kada ya dama da hannu, ya rufe hanci da baki, ya sa takalmi da doguwar riga, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada ya busa bakin injin feshi idan ya toshe, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, ya nisantar da yara da mai ciki da dabbobi. Ka kuma gaya masa cewa masana na da saɓani a kan ciwon daji. Idan ya ji ya saya, ya saya a kan sani. Abin da ke sosa mini rai shi ne ganin yaro da injin feshi goye a baya, ƙafa ba takalmi, maganin na tsiyaya a gadon bayansa. Wani ne ya sayar da wannan maganin ya yi shiru.

Akwai kuma inda cinikin ke komawa haramun kai tsaye. Na farko, maganin da hukuma ta hana. Paraquat, wani maganin kashe ciyawa, misali ne: kurɓa kaɗan na iya kashe mutum, yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ma ta sanar da dakatar da shi a Najeriya. Hani irin wannan, da aka yi domin kare rayuka, bin sa wajibi ne, kuma sayar da shi a ɓoye ya haɗa saɓa wa shugabanni da cutarwa, alhali hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Haka jabu, da wanda aka yi wa algus, da wanda wa'adinsa ya ƙare aka goge kwanan wata, duk ha'inci ne, kuma Annabi ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da mu.

Sai ɗura magani a robar lemo ko ta ruwan sha don a sayar da tsiyaye. Na san uzurin shi ne talaka ba ya iya sayen lita guda, amma robar ba suna ba gargaɗi, a gidan da ke cike da yara. Wannan ƙofa ce da mazhabarmu ta Malikiyya ke toshewa tun kafin ɓarna ta auku. Idan dole ne, manoma biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi roba ɗaya ta asali. Kada kuma ka sayar wa ƙaramin yaro, ko wanda alamu suka nuna zai cutar da kansa, ko zai zuba a gonar wani ko a rafi, kamar yadda malamai suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa.

Ribar da ka ci a baya daga maganin da aka yi wa rajista halal ce, sai ka nemi gafara a kan sakacin bayani ka gyara daga yau. Idan akwai haramtacce a shagon, ka cire shi ka tuntuɓi hukuma a kan yadda za a lalata shi, kada ka turbuɗe shi kusa da rijiya. Idan kuma nan gaba bincike ya tabbatar da cutar glyphosate ko hukuma ta hana shi, to hukuncinsa zai zama irin na paraquat.

Wallahu a'alamu.