Yadda Sifaniya ta fita daga mulkin Franco, da abin da na gani a can

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya yadda aka yi Sifaniya ta fita daga mulkin kama-karya ba tare da an sake gwabza yaƙi ba, da dalilin da ya sa har yau suke da sarki. Shekarata goma sha biyar ina zaune a wani gari kusa da Basalona, don haka zan haɗa maka abin da na karanta da abin da idona ya gani.

Mutanen nan sun daɗe suna rubuta tsarin mulki suna yagawa. Wanda suka fi alfahari da shi an yi shi a birnin Kadis a 1812, lokacin sojojin Faransa sun mamaye ƙasar. Shekara biyu kacal, Sarki Fernando na Bakwai ya dawo ya soke shi. Aka yi ta yi: 1837, 1845, 1869, 1876, 1931. Galibi ɓangaren da ya yi rinjaye shi ke ɗinka rigar daidai jikinsa, wanda aka kayar ya koma gefe yana zuga hafsoshin soja. Na 1931, wato na jamhuriya, ya ba mata damar jefa ƙuri'a, ya raba coci da gwamnati, amma jama'a da yawa ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba. Ƙarshen abin yaƙin basasa ne daga 1936 zuwa 1939, rayuka dubu ɗaruruwa suka salwanta, Janar Franco ya riƙe ƙasar har ya mutu ranar 20 ga Nuwamba 1975.

Batun sarki kuwa, Franco ne da kansa ya zaɓi Juan Carlos a 1969 ya gaje shi, jikan sarkin da ya bar ƙasar a 1931. Ya zaci yaron zai ɗora daga inda ya tsaya. Sai ga shi a 1976 Juan Carlos, wanda ya hau sarauta bayan mutuwar Franco, ya naɗa Adolfo Suárez firaminista, mutumin cikin gidan Franco, wanda ya san lagon kowa. Shi ya lallaɓa majalisar da Franco ya kafa har ta amince da dokar da za ta rushe ta.

Ni dai a ganina, ranar da abin ya kusa lalacewa ita ce 24 ga Janairu 1977. 'Yan bindiga masu ra'ayin tsohuwar gwamnati suka kutsa ofishin lauyoyin ƙwadago a titin Atocha na Madrid, suka kashe mutum biyar. Kowa ya jira ramuwa. 'Yan gurguzu, waɗanda lauyoyin nan nasu ne, suka fito jana'iza dubbai, shiru, ba wanda ya jefa ko tsakuwa. A watan Afrilu Suárez ya halatta jam'iyyarsu duk da hafsoshi na huci, shugabanta Santiago Carrillo kuma ya amince da tsarin sarauta da tutar da ya yi shekaru yana yaƙa. Aka yi zaɓe ranar 15 ga Yuni, sannan aka ɗora wa mutum bakwai rubuta tsarin mulki. A cikinsu akwai Manuel Fraga, tsohon ministan Franco, akwai Jordi Solé Tura ɗan gurguzu, a tebur ɗaya. Ba wanda ya samu duk abin da yake so, kuma shi ya sa na 1978 ya zauna. Ranar 6 ga Disamba aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 88 cikin ɗari suka ce sun yarda. An bar sarki, amma mulki na hannun majalisa da firaminista.

Sojoji sun gwada sa'arsu ranar 23 ga Fabrairu 1981. Laftanar Kanar Tejero ya shiga majalisa da bindiga da jandarmomi kusan ɗari biyu. Cikin dare sarki ya fito a talabijin sanye da kakin soja ya ce bai yarda ba, washegari suka miƙa wuya.

Amma Malam, kada a ce maka sulhun nan kyauta aka same shi. Dokar afuwa ta 1977 ta saki fursunonin siyasa, ta kuma rufa wa waɗanda suka azabtar da su asiri. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, kusan shekara biyar muna gaisawa a matattakala kafin wata rana ta nuna mini hoton mahaifinta. An zo an tafi da shi a 1939 tana ƙarama, har ta rasu ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ta ce ta jefa ƙuri'ar amincewa a 1978 don kada 'ya'yanta su ga abin da ta gani, amma ba ta yafe ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai, mu da muka san darajar ziyartar kabarin iyaye. Sai a 2007 aka yi dokar tunawa da waɗanda aka zalunta, sai a 2019 aka tono gawar Franco daga ƙaton hubbaren da ya gina.

Ɗaya ciwon shi ne na yankuna. Sashe na biyu na tsarin mulkin ya ce ƙasa ɗaya ce ba ta rabuwa, a jimla guda kuma ya ba al'ummomi da yankuna 'yancin tafiyar da harkokinsu. Yau yankuna 17 ne, kowane da majalisarsa. Yarana da harshen Katalan suke karatu a makarantar gwamnati, abin da aka hana a zamanin Franco. Duk da haka ina nan a 2017 lokacin da Kataloniya, yankin da Basalona take ciki, ta shirya ƙuri'ar ɓallewa ranar 1 ga Oktoba, bayan kotun tsarin mulki ta hana. Ƙarfe goma na dare mutane su fito baranda suna kaɗa tukwane, unguwa ta ɗauka. Madrid ta yi amfani da sashe na 155 a karon farko ta sauke gwamnatin yankin. A wurin aikinmu akwai abokai biyu da tare suke cin abincin rana shekara da shekaru, tun daga watan nan kowa ya koma teburinsa.