Tambaya daga Bukoki: hukuncin haɗa fostar jaruman fim da kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibinku ne daga unguwar Bukoki, nan Yamai. Ina aiki a wani shagon buga katin aure da na suna. In na tashi aiki da dare nakan zauna in haɗa fosta ta finafinan jaruman nan na Amurka, irin su Spider-Man da Thor, da Photoshop: in yanko hotonsu daga intanet, in sauya musu wuri, in ƙara wuta da hayaƙi da rubutu, sannan in sa a Facebook. Yanzu abokaina na fada sun fara ba ni jaka ɗaya ko biyu don in ɗora fuskarsu a jikin jarumin. Yayana ya ce ranar Alƙiyama za a ce in busa musu rai. Tun ranar ban sake buɗe kwamfutar da daɗin rai ba. Ga uku daga cikin ayyukan na turo. Mene ne hukuncin aikin, da na kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, na buɗe hotunan nan uku, na daɗe ina dubawa. Hannu ɗaya ya yi su, amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Yayanka bai ƙirƙiri magana ba, kada ka ga baƙinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa masu yin surori za a azabta su ranar Alƙiyama, a ce musu su raya abin da suka halitta. Kuma wani mutum ya zo wurin Ibn Abbas ya ce da aikin surori yake ci, Ibn Abbas ya karanta masa hadisin har fuskar mutumin ta sauya, sannan ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Babu malamin da ke musun waɗannan ruwayoyi. Inda aka yi saɓani shi ne: wace irin sura ake nufi?

Imam Nawawi da malamai da yawa sun tafi a kan cewa duk surar mai rai haramun ce, mai inuwa ce ko shafe a kan takarda. Malikiyya, waɗanda littattafansu muka taso muna karantawa a zaurukan ƙasar nan, sun rarrabe. A sharhinsa na Muhtasar Halil, a babin walima, Shehu Dardir ya ce haram ita ce surar mai rai mai cikakkun gaɓoɓi wadda take da inuwa, wato gunki, ko da kuwa da ɓawon kankana aka sassaƙa ta, a bisa magana mafi rinjaye. Amma wadda ba ta da inuwa, kamar zanen bango ko na takarda, makaruhi ce in an ɗaukaka ta, in kuma a wulaƙance take, kamar ta jikin shimfiɗa, barinta ne kawai ya fi. Wanda ya karanta Risala ya san Ibn Abi Zaid ya faɗi kusan haka. Hujjarsu ita ce togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, “sai dai zane a jikin tufa”, da labulen Nana A'isha da aka yanka aka yi matasai da shi.

Da hoton kamara ya bayyana, Shehu Muhammad Bahit Almuɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya ce wannan kama inuwa ce kamar ta madubi, ba kwaikwayon halitta ba. Shehu Ibn Baz bai yarda ba, ya hana sai da lalura. Ni abin da na natsu da shi, kuma nake ba da fatawa a kai, shi ne maganar Malikiyya. Aikinka ba shi da inuwa, yawancinsa ma haske ne a fuskar waya, in an kashe ya tafi. Saboda haka yanka hoto da haɗa shi da gyara masa launi ba ya shiga cikin wancan narkon mai tsanani. Wanda ya bar shi don tsantseni ya kyauta, amma ba zan ce maka ɗan wuta ba saboda ka buɗe Photoshop.

To, yanzu mu zo kan abin da ke cikin hotunan, don nan ne maganar take.

Na farkon, ka ɗora Spider-Man a kan gadar Kennedy, rana na faɗuwa bayan kogin Kwara, ga wani masunci cikin kwalekwale a ƙasa ya ɗaga kai. Jikinsa a rufe, ba wata alamar bauta, kowa ya san tatsuniya ce. Wannan ban ga haramci a cikinsa ba. Har na tsaya ina kallon yadda ka sa hasken yamma ya faɗa a kan ruwan. Allah ya ba ka ido, ka gode masa.

Na biyun ne ya tayar mini da hankali. Ka tsayar da Thor a sararin sama, guduma a hannu, walƙiya na fita daga cikinta, hasumiyar Babban Masallacin Yamai tana ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ka rubuta da Faransanci cewa shi ne allan tsawa. Na san ba ka nufi komai ba, daga fostar fim ɗin ka kwafo. Amma ɗana, Thor ba kamar Spider-Man ba ne da wasu marubuta suka zauna suka ƙago. Abin bauta ne na gaske da mutanen arewacin Turai suka bauta wa kafin Kiristanci ya je musu, har sunan ranar Alhamis a Turanci daga sunansa aka samo shi. Kamfanin Marvel ya ɗauko shi ne ya sa masa sabuwar riga. Haka Bast da ake ambata a fim ɗin Black Panther na 2018, abar bautar tsoffin Misirawa ce. Allah kuwa ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 13, tsawa tana tasbihi da gode masa. Tsawar da ke yi wa Ubangijinta tasbihi, ta yaya musulmi zai rubuta da hannunsa cewa tana da wani ubangiji daban, ya kuma ɗora shi bisa ɗakin da ake yi wa Allah sujada? Ka tuna abin da Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas game da Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru: mutanen kirki ne daga cikin al'ummar Annabi Nuhu, aka kafa musu alamomi don tunawa, waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba, sai da suka mutu ilimi ya gushe. Ban ce abokanka za su yi wa fosta sujada ba. Abin da nake tsoro shi ne ƙaninka ɗan shekara bakwai ya saba jin kalmar “allah” ana liƙa wa ɗan fim, nauyinta ya ragu a zuciyarsa. Wannan hoton haramun ne. Ka goge shi daga Facebook da kwamfutar, ka nemi gafara, kuma kada ka sake haɗa duk wani wanda aka gabatar a matsayin abin bauta, ko alamar bautar wani addini. Kai dai ba ka kafirta ba, tunda ba ka ƙudurce ba kuma ba ka sani ba.

Na ukun, macen da cinyoyinta da kafaɗunta ke waje, ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da bai halatta ka kalla a kan hanya ba, bai halatta ka zauna awa uku kana gyara masa haske ba, balle ka yaɗa. Ka bar shi.

Game da kuɗin. In abokinka ya kawo hotonsa da kansa, ya ce ka haɗa masa irin na farkon don ya ajiye a wayarsa, jakar da ya ba ka ladan wahalarka ce, ka ci. Sharaɗi shi ne mai fuskar ya yarda. Ɗaukar hoton wani ɗan fada ko wata yarinya a ɗora a jikin da ba nasu ba don a yi dariya, izgili ne da Suratul Hujurat ta hana, kuma na ga irinsa ya raba zumunci. Amma ka buga fostocin da yawa, da tambarin kamfanin Marvel ko na DC, ka kai kasuwar Katako kana sayarwa, wannan cin haƙƙin masu abu ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ke karewa. Kuma kasancewar mai ita ba musulmi ba ne ko attajiri ne bai halatta ta ba. Ko wadda za ka sa kyauta, ka rubuta a jikinta cewa aikin masoyi ne, kada ka ƙaga ranar fitowar fim ka sa mutane su ɗauka daga kamfani take, domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ni zan tambaye ka: Photoshop ɗin naka, ka biya? Kamfanin Adobe haya yake bayarwa, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma na san yawancin wanda ke shagunanmu fasasshe ne da ake kwafa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. In naka irinsa ne, ko ka biya, ko ka koma GIMP ko Krita ko Photopea, waɗanda masu su suka bari a yi aiki da su kyauta. Kuɗin da ka riga ka samu a baya ba na ganin ya haramta gare ka, don ladan aikin hannunka ne. Laifin yana ga amfani da kayan wani ba da izini ba, tuba da dainawa sun isa.

In ka buga ɗaya don kanka, kada ka rataye a bango, domin ko a wurin Malikiyya nan ne karhancin yake, musamman ɗakin da kake salla. Annabi ya sa Nana A'isha ta kawar da labulenta saboda zanensa yana gitta masa a cikin salla. Kuma ka duba agogo: ka ce da dare kake aikin, in zaman yana cinye maka Asuba, to ka rage shi har ya daina. Ka kai wa yayanka wannan amsa ku karanta tare, in yana da sauran shubuha ya rubuto mini.

Allah ne mafi sani.